Tambayi Malamin Gona: Kacala, Bado da Baƙin Tsuntsayen Hunturu

Jama'a, assalamu alaikum. Wasiƙun da suka taru a wannan watan, mafi yawansu a kan ruwa suke: abin da ke tsirowa a cikinsa da abin da ke sauka a bakinsa. Shi ya sa na ware su wuri guda. Masu tambaya a kan taki da tsutsar masara su yi mini haƙuri sai fitowa ta gaba.

TAMBAYA: Baba Malam, ina koyar da 'yan aji biyar a wata firamare. Mun zo darasin tsirrai da tsuntsayen fadama, sai wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malama, mu a Kano ai ba mu da fadama, sai kwata." Aji ya kwashe da dariya, ni kuwa na rasa abin da zan ce masa. Ina zan kai su su gani da idonsu?
Daga wata malamar makaranta, Gwammaja

AMSA: Malama, yaron nan ki riƙe shi da kyau, yana lura da abin da ke gabansa. Amma ki gaya masa babbar kwatar birnin nan, wato Jakara, asalinta fadama ce. Tsohon kundin tarihin sarakunan Kano ya ambace ta tun zamanin su Barbushe, kurmi ne mai duhu da baƙin ruwa kewaye da shi. A gefenta Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya kafa kasuwar Kurmi. Baturen nan Clapperton da ya shigo Kano a watan Janairun 1824 ya rubuta cewa wata ƙatuwar fadama ta kusa raba birnin gida biyu daga gabas zuwa yamma, kasuwa na ci a kan ɗan tudun da ke tsakiya, kuma agwagin daji da ungulaye sun cika wurin. A inda ake sayar da kayan doki da turare yau, can agwagin daji suke kiwo shekara 200 da suka wuce.

Sai kuma kududdufai. Duk ƙasar da aka gina ganuwa da gidajen cikin birni da ita, haƙo ta aka yi, ramin kuma ya zama matattarar ruwan sama. Muna yara, idan ka bi daga Ƙofar Ɗan'agundi ka wuce Ƙofar Na'isa ka nufi Gadon Ƙaya, ruwa ne jere da ruwa, wani kainuwa ta rufe shi ruf har ka ɗauka fili ne, wani kuma bado ya shimfiɗa ganye. Yanzu ki bi hanyar ki ƙirga abin da ya rage. An cike su da shara da ɓaraguzai, an yanka filoti, an dasa shaguna. Ni ban ce kududdufi wuri ne mai tsafta ba, sauro ma gidansa ne, yara kuma sun sha nutsewa a ciki. Sai dai ruwan da yake haɗiyewa a watan Agusta bai daina sauka ba don an cike ramin. Ɗakunan mutane yake shiga.

Wurin da za ki kai su kuwa, ki nemi mota ku bi titin Zariya. Ku ɗan tsaya a gadar Tamburawa, sannan ku wuce gonakin shinkafar Kura da Kadawa. Daga kaka zuwa ƙarshen hunturu ya fi, kuma ku isa kafin rana ta ɗaga, don tsuntsu da hantsi yake gama cin abincinsa. Dam ɗin Wasai da ke wajen Minjibir ma yana tara tsuntsaye sosai, amma can ne ruwan Jakara yake taruwa da duk abin da ya kwaso, ba zan so yara su taɓa shi ba.

Za su ga zalɓe tsaye a ruwa, ya ƙame, wuya a lanƙwashe, yana jiran kifi ko kwaɗo ya yi kuskure. Za su ji kirinjijiya tun kafin su gan ta, agwagwa ce mai farar fuska da doguwar wuya, garke guda suke tashi suna fito. Zakaran ƙeƙuwa shi zai fara ganinku, ya tashi yana ihu a kanku har sai kowa ya san kun zo. Wanda na fi so ki nuna musu shi ne wani ɗan tsuntsu ruwan ƙasa mai farar wuya da shuɗin goshi, wanda ke tafiya a kan ganyen bado ba ya nutsewa. Su dubi yatsunsa: dogaye ne ƙwarai, su suke baza nauyinsa a kan ganyen. A wajensu namiji ne yake kwanci, shi yake renon 'ya'ya, in ya ji tsoro ya kwashe su a ƙarƙashin fiffike ya gudu, ƙafafunsu na reto a waje. Macen ta riga ta tafi wajen wani namijin. Wannan ɓangaren ke kika san yadda za ki faɗa wa 'yan aji biyar.

Abu ɗaya: kada kowa ya cire takalmi ya shiga ruwa. A jikin ciyayin nan ƙananan dodon-koɗi suke maƙalewa, daga jikinsu kuma ƙwayar tsargiya take fitowa ta huda fatar mutum. Yaron da aka ga jini a fitsarinsa ba balaga ya yi ba, ciwo ne, kuma maganinsa na asibiti.

TAMBAYA: Malam, ni mutumin ƙasar Guri ne, ina sayar da hatsi a Dawanau. Gonar shinkafar mahaifinmu an yi shekaru ba a shige ta ba, kacala ta cinye ta. Mun sa wuta, mun sare, ta dawo ta fi da. Dattawanmu suna cewa ku Kanawa ne kuka ja mana da dam ɗinku na Tiga. Da gaske ne, ko neman wanda za a ɗora wa laifi ne kawai?
Daga wani ɗan kasuwa, Dawanau

AMSA: Alhaji, dattawanku ba su yi ƙarya ba. Ina faɗin haka ne alhali ni Bakano ne, kuma da ruwan Tigan nan na ci abinci, don a cikin masu noman rani na yi ƙuruciyar aikina kafin a tura ni ƙasarku.

Bari mu bi ruwan daga sama. Kogin Kano da Kogin Calawa suna haɗuwa kafin Wudil su zama Kogin Haɗeja. Shi kuma ya gangara ya tarar da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai jigayi, ya rarrabu, ya haɗu da na Jama'are, su zama Kogin Yobe, su faɗa Tafkin Cadi. Kafin a gama Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, kogunan nan na damina ne. Su cika su tumbatsa a watan Agusta da Satumba, su malale fadamunku, da rani kuma su ƙafe sai yashi. Wannan zuwa da tafiyar shi ne arzikin ƙasarku. Ruwa ya hau, kifi ya bi shi cikin ciyawa ya yi ƙwai, manomi ya samu shinkafa. Ruwa ya fara ja, masunci ya tare kifi a bakin hanya, manomi ya bi danshi ya shuka wake da masara da kayan lambu. An girbe, Bafulatani ya shigo da shanu su ci ɗanyar ciyawa a tsakiyar rani, su bar taki. Fili ɗaya, mutum uku suna ci bi da bi.

Dam kuwa aikinsa ke nan ya riƙe ruwan damina, ya riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan duk shekara, don gonakin Kadawa da famfunan birnin Kano. A 1992 aka ƙara na Calawa a ƙasar Ƙaraye. Sai abu biyu suka faru a wajenku. Babbar ambaliyar da take share hanyoyin ruwa ta kwashe yashi da ciyawa ta ragu. Masu bincike sun kiyasta cewa filin da ruwa ke malalewa, wanda yakan kai hekta 250,000 zuwa 300,000 a shekarun 1960 da farkon 1970, ya dawo wajen hekta 70,000 zuwa 100,000 daga baya, ko da yake farin shekarun 1970 da 1980 ma yana da nasa kason. Na biyu, wuraren da a da suke bushewa ƙayau da rani suka daina bushewa.

To kacala abin da take nema ke nan. Ba baƙuwa ba ce, tana nan tun da a 'yan lungunan da ruwa ba ya ƙafewa, rani ne yake tsare ta. Ba ta son ruwa mai zurfi, ba ta son mai gudu, ba ta jure doguwar bushewa. A ba ta ruwa daga gwiwa zuwa ƙugu, kwantacce, shekara zagaye, a haɗa mata da ragowar takin zamanin da ke gangarowa daga gonakinmu na sama, shi ke nan an yi mata shimfiɗa. Zangarniyarta guda tana ɗauke da iri fiye da 100,000, kowanne da 'yar audugarsa, iska ta kwashe. A ƙasa kuma saiwarta tana rarrafe tana fitar da sabbin kai. In ta yi kauri sai ta rage wa ruwa gudu, laka ta kwanta, hanya ta ƙara cikewa, ita kuma ta ƙara samun wurin zama. Haka tsohuwar hanyar Kogin Haɗeja da ta Burum Gana suka toshe, ruwa ya karkata ta Marma ya nufi Nguru. Ka fi ni sanin sakamakon: wani ƙauyen ruwa ya ci gonarsa bai sake ba, wani kuma a nesa kaɗan yana kallon busasshiyar hanya.

Sannan ga jan-baki. Tsuntsun nan yana son wurin kwana da ba mai iya shiga, kusa da ruwa, kusa da hatsi, kacala kuma ta haɗa masa duka ukun. Wanda ma ciyawar ba ta ci gonarsa ba, sai ya kwana a kan rumfa da gwangwani da majajjawa. Feshin jirgin sama yana rage su na ɗan lokaci, amma gubar ba ta tambayar sunan tsuntsu, tana haɗawa da waɗanda ba su ci hatsin kowa ba.

Yanzu batun sara da wuta. Wuta ba ta kashe ta. Busasshen ganye kawai kuke cire mata, ku bar mata toka, saiwa tana ƙasa lafiya lau. Saran da kuka yi ma ina kyautata zaton a saman ruwa kuka yi shi. Kacala kamar mutum ne da ya nutse yana numfashi ta cikin karan da ya leƙo sama: ganyenta ne yake kai wa saiwa iska. In ka yanke a sama da ruwa, karan yana nan a buɗe. In ka yanke a ƙasa da ruwa, kamar taƙi guda, ruwa ya rufe kututturen ya zauna a kai, saiwar sai ta shaƙe. Lokacin da ya fi shi ne sa'ad da ta fara fitar da zangarniya, don a sannan ta kwashe abincin da ta tara a ƙasa. Za ta sake tohowa, a koma a yanke, a kuma komawa, kada a bar ganye ya leƙo ya daɗe. A kwashe abin da aka yanka a fitar da shi tudu. Inda kuma za a iya datse ruwa ƙasa ta bushe sosai, a sa garma a tono saiwar a bar wa ranar bazara.

Amma kada ka tura kuɗi gida a yi wa gonarku ita kaɗai, asara za ka yi. Iri zai dawo daga gonar maƙwabci. Aikin gayya ne, kuma daga hanyar ruwa ake farawa, ba daga gona ba. Na ga garuruwan da suka haɗa kai suka buɗe hanyarsu da lauje da kwalekwale, ruwa ya wuce, gonaki suka fito da kansu.

Ana maganar mayar da ita dukiya. Gaskiya ne ana saƙa tabarma da ita, ana jinka, a Senegal da Muritaniya suna yin gawayi da ita, Jami'ar Tarayya ta Gashuwa ma ta yi aiki a kan sarrafa ta ta zama abincin dabbobi da gas ɗin girki. Duk ina maraba da su. Sai dai a ganina maganin yana bakin ƙofar dam. A saki ruwa da ƙarfi a lokacin da kogi ya saba cika, a rage shi a lokacin da ya saba ƙafewa, ƙasa ta samu ta bushe. Tun farkon shekarun 1990 masana tattalin arziki suka auna, suka ga ruwan da aka bari ya isa fadamun Haɗeja da Nguru ya fi kawo amfani, in aka haɗa noma da su da itace, a kan irinsa da aka tsare a manyan gonakin ban-ruwa na sama. A 2006 gwamnonin jihohin da kogin ya shafa suka zauna a Damaturu, aka kafa asusu don kula da shi. Takardu dai akwai su. Abin da ya yi ƙaranci shi ne manomin Kura da masuncin Nguru su yarda cewa kogi ɗaya suke sha, kuma ni na san wanne ne a cikinsu muryarsa ta fi kusa da kunnen hukuma.

TAMBAYA: Malam, muna gardama a majalisa. Ni na ce balbela kaska take cire wa shanu, abokina ya ce ƙarya ne. Raba mu.
Daga wani tela, Fagge

AMSA: Ka biya shayin, abokinka ya fi ka gaskiya. Mai cin kaska shi ne carki, wanda yake maƙalewa a jikin saniya. Balbela ƙafar saniya take bi: saniya ta taka ciyawa, fara da ƙwari su tashi, ita kuma ta cafke. Takan tsinci kaska jefi-jefi, amma ba ita ce abincinta ba. Shi ya sa za ka gan ta bayan tarakta, da bayan mai ban-ruwa a gonar shinkafa, har da kan bola da mayanka. Da yamma kuma ta koma bishiyar da ke kusa da ruwa ta kwana da 'yan'uwanta. Ga ƙarin abin da za ka kai majalisa don ka rage zafin kayen: da fiffikenta ta tsallaka Tekun Atlantika daga Afirka. An fara ganinta a Kudancin Amurka wajen 1877, zuwa 1953 tana ƙyanƙyasa a Florida.

TAMBAYA: Baba, ƙanena ya kama wata 'yar agwagwar ruwa a wajen Wudil da sanyin nan, sai ga zoben ƙarfe a ƙafarta da lambobi da rubutun boko. Wasu sun ce asiri ne, wasu sun ce na leƙen asirin Turawa ne, mahaifiyarmu ta ce a jefar. Mene ne?
Daga wani ɗalibi, Hotoro

AMSA: Ɗana, ka kwantar wa Hajiya da hankali, ba sammu ba ne, ba kuma na'ura ba ce. Ƙarfe ne kawai da lamba. Masu nazarin tsuntsaye ne suke kama su da raga, su auna, su sa zoben, su rubuta rana da wuri a littafi, su sake su. Duk wanda ya tsinci zoben ya ba da labari, sai a san inda tsuntsun ya je da shekarun da ya yi. Wani malamin makaranta ɗan ƙasar Denmak, Mortensen, shi ya fara wannan a 1899. Ka duba da kyau, bayan lambar za ka ga sunan gari ko cibiya, irin su Landan ko Mosko ko Helsinki. Can ne cibiyar da ta ba da zoben take.

Agwagwar taku baƙuwa ce. Akwai wata ƙarama da namijinta yake da farin layi a saman ido, da wata mai dogon wutsiya mai tsini, da tarin tsuntsayen bakin ruwa masu dogayen ƙafafu. A Turai da Rasha suke ƙyanƙyasa. Idan sanyi ya taso ruwansu ya fara daskarewa, sai su tsallako Bahar Rum da Sahara su sauka a wajenmu daga wajen Oktoba, su koma a Maris da Afrilu. Ka lura da lokacin: suna isowa daidai sa'ad da ambaliya ta fara ja, ta bar laka da irin ciyawa da zubabbiyar shinkafa. Bayan hamada, ruwan farko da za su tarar shi ne irin su Tafkin Cadi da fadamun Haɗeja da Nguru, inda aka lissafa tsuntsaye fiye da iri 350. Saboda su ne aka sa tafkin Nguru da hanyar Marma cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar a shekarar 2000, Baturiya ta Jigawa da Dagona ta Yobe suka biyo baya a 2008. Ita yarjejeniyar a garin Ramsar na ƙasar Iran aka ƙulla ta, ranar 2 ga Fabrairun 1971.

Turawa ma sun daɗe ba su san inda tsuntsayensu suke ɓacewa da sanyi ba, har wasu malamansu suna cewa tsattsewa cikin laka take shigewa ta yi barci. Sai a 1822 aka harbo wani babban farin ɗan'uwan shamuwa a arewacin Jamus, da mashin mutanen Afirka soke a wuyansa, ya taso da shi tun daga nan. Yana ajiye har yau a Jami'ar Rostock.

Ita shamuwarmu akasin haka take yi, kuma ba ta barin Afirka. Tana zuwa mana da farkon damina ta yi sheƙa a bishiyar cikin gari, kaka ta yi ta tafi ƙasashen kudu, irin su Zambiya da Zimbabuwe, inda tasu daminar take farawa. Ba ita take kawo ruwa ba, fara da tsutsar da ruwa ke fitarwa take bi. Amma manomin da ya gan ta ya fara gyaran gona bai yi wauta ba.

Ka kwafi duk abin da ke jikin zoben, ka ɗauki hotonsa, ka rubuta rana da sunan wurin da aka kama ta, ka aika wa cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke Jos ta intanet. Sukan bi sawu, wani lokaci har a turo maka tarihin tsuntsun. In tana da rai, ku sake ta da zobenta. In kuma ta riga ta shiga tukunya, to a aika lambar duk da haka.

TAMBAYA: Malam, na gama gini ina son in sa gauraka biyu a tsakar gida kamar yadda na gani a gidan kakana. An kawo mini wasu da tsada. Me suke ci, kuma za su hayayyafa?
Daga wani Alhaji, Nasarawa

AMSA: Alhaji, Allah ya sanya alheri a gidan. Suna cin hatsi da ɗanyar ciyawa da fara da ƙananan kwaɗi. Hayayyafa kuwa, kada ka sa rai. Gauraka a cikin fadama mai ciyawa take yin sheƙa da damina, a tsakiyar ruwa inda ba mai damunta, ta yi ƙwai biyu ko uku. Tsakar gida mai tayil ba zai ba ta wannan ba. Abin da hakan ke nufi, duk gaurakar da ka gani a gidan wani daga daji aka ɗauko ta, galibi tana 'yar tsako, kuma kafin guda ta iso kasuwa da rai wasu sun mutu a buhu.

Shawarata kada ka saya. A zamanin kakanka garke-garke ake ganinsu a fadamun Arewa, ana jin kukansu da asuba. Ni kaina a farkon aikina na gan su a daji. Yau tsuntsun da ake kira tsuntsun Nijeriya ya kusa ƙarewa ƙaf a dajin Nijeriya, kuma yana cikin jerin waɗanda ƙungiyar kare halittu ta duniya ta ce suna cikin haɗari. Waɗanda aka kawo maka, zai yi wuya in ba daga Cadi ko Kamaru aka tsallako da su ba. Bushewar fadamu ta ci rabinsu, sha'awar masu hali ta ci saura. In ado kake so, ɗawisu yana nan, yana ƙyanƙyasa a gida, kuma ya fi gauraka iya taƙama.

TAMBAYA: Baba, ina haɗa turaren wuta da humra ina sayarwa. Kajiji ya yi tsada a Kurmi. Zan iya shuka shi a gida? Sannan yarana suna sayen bado a bakin makaranta, yana da illa?
Daga wata uwargida, Ɗorayi

AMSA: 'Yata, za ki iya. Kajiji ɗan fadama ne, dangin aya da jiji, karansa kore ne siriri mai gaɓa-gaɓa, ƙamshin kuma a saiwa yake. Wanda ake sayarwa a kasuwa ya bushe, sau da yawa ba zai tsiro ba. Ki sa masu zuwa ƙauye su tono miki ɗanye da ƙasarsa. Ki samu rabin duro ko tsohon baho, ki zuba laka da ɗan takin gargajiya, ki dasa, ki ajiye a rana, kada ki bar ƙasar ta bushe. Amma kada ruwa ya kwanta a sama kwana da kwanaki, in ba haka ba kin buɗe wa sauro gida. Bayan wata shida zuwa shekara ki tone, ki ɗebi manya, ki mayar da ƙanana. A inuwa za ki shanya, rana tana cin ƙamshin. Baho biyu ba za su riƙe miki sana'a ba, sai dai su rage. Ki kuma gwada saiwar jema, ciyawar nan ta bakin fadama da ake zana da ita. 'Yar'uwarta ta Indiya ce ake tatsar mai daga saiwarta ana zubawa a manyan turarukan Faransa, ƙasar Haiti kuma ita ce kan gaba wajen noma ta.

Bado abinci ne tun kaka da kakanni. Furen yana gamawa sai ya sunkuya cikin ruwa, ɗan ya nuna a can, cike da ƙananan ƙwayoyi. A shekarun yunwa mutanen bakin ruwa sun shanya ƙwayar sun daka sun yi tuwo da kunu, sun dafa saiwar sun ci. Illar ba a badon take ba, a ruwan da ya fito take. Na kududdufin cikin gari, inda kwata da masai suke zuba, ko na ƙasan inda ruwan masana'antu da na majema yake bi, ban yarda yaro ya ci ba, balle ɗanye. Ki tambayi mai tallan daga ina ake kawowa. In ta ce daga bayan unguwa ne, ki ba yaran kuɗin gyaɗa.

TAMBAYA: Malam, gidan kajina yana kusa da wani tafki, da hunturu tsuntsaye suna cika shi. An ce su suke kawo murar tsuntsaye. In sa a kore su ko a sa musu guba?
Daga wani mai kiwon kaji, Kumbotso

AMSA: Guba kam a'a, Malam. Za ka kashe kifi, ka kashe dabbar maƙwabci, gawarwakin kuma su jawo karnuka da za su ja su har ƙofar kajinka. Kora ma wahalar banza ce, gobe wasu za su sauka.

Gaskiya ne agwagin daji suna iya ɗaukar ƙwayar cutar ba tare da sun nuna alama ba, kuma tana fita ta kashinsu ta zauna a ruwa. Amma ka tuna yadda ta yi mana a watan Fabrairun 2006, da aka fara tabbatar da ita a wata gona a Jihar Kaduna, karo na farko a Afirka, da kuma dawowarta Kano a Janairun 2015. Daga gona zuwa gona, ƙafar mutum ce ta fi yaɗa ta: kiret ɗin ƙwai, motar dillali, takalmin ma'aikaci, buhun da aka kwashi kashin kaji.

Kada ka ba kaji ruwan tafkin, ko wankin mazubi kada a yi da shi. Ka sa raga mai ƙananan ido a duk tagogi, ka rufe rumbun abinci. Agwagin gida da suke zuwa tafki su dawo, ka raba su da gonar gaba ɗaya, su ne 'yan aiken. Ka sa kwatarniyar maganin kashe ƙwayoyin cuta a ƙofa, ana canja ruwan, kowa ya tsoma takalmi, har kai mai gida. Dillali ya tsaya a waje a miƙa masa. In ka wayi gari ka ga kaji sun zube da yawa, ƙoro ya yi shuɗi, fuska ta kumbura, kada ka kira mahauci a rage asara. Ka rufe ƙofa, ka kira likitan dabbobi na ƙaramar hukumarku a ranar.